Baturen da Ya Kalli Dabbobi da Ido Biyu, Ya Kalli Mutane da Ido Ɗaya

Malam Edita ya daɗe yana bina bashin rubutu. Duk ranar da muka haɗu bayan an sallame Juma'a sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Liman, ina alkawari?" To yau ga shi na biya. Magana ce a kan wani Bature da littattafansa guda uku, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni har ƙarshe, don maganar za ta zagayo ta same mu har ƙofar shagunanmu.

Yadda aka yi kuwa, ɗiyata ce da ke karatu a jami'a ta tsinto littattafan wurin masu baza tsofaffin littattafai a gefen kasuwar Watt. Tana buɗe ɗaya sai ta ga sunan Mamfe. Ta kawo mini ta ce, "Baba, ba nan ne garin da kake ba mu labarin motarku ta kwana uku a cikin taɓo ba?" Na ce nan ne. Duk wanda ya yi fataucin goro ko na kayan koli ta hanyar Ikom, ya tsallaka iyaka a Ekok, ya bi ta Mamfe ya hau tudu zuwa Bamenda a shekarun baya, ya san abin da nake nufi. Sunayen littattafan su ne The Overloaded Ark, da The Bafut Beagles, da A Zoo in My Luggage. Marubucinsu Gerald Durrell, amma ni Darel zan riƙa ce masa, yadda harshena ya iya.

Turancina na kasuwa ne, ba zan ɓoye muku ba. Saboda haka damina guda muka yi, bayan sallar isha, ita tana karantawa tana fassara mini, ruwan Kalaba yana ta dukan kwano. Amma da zarar an zo inda maharba ke magana da Turancin buroka, sai na riga ta ganewa, don wannan shi ne yaren da muka ci abinci da shi shekara talatin.

Wane ne Darel?

An haife shi a garin Jamshedpur na ƙasar Indiya a 1925. Mahaifinsa injiniya ne, ya rasu yaron yana da shekara uku, uwar ta kwashe 'ya'yanta ta koma Ingila. A 1935 suka ƙaura zuwa tsibirin Korfu na ƙasar Girka, suka zauna har 1939 da yaƙin duniya ya taso. A can ne yaron ya tashi yana bin ƙwari da kunkuru da tsuntsaye, yana cika wa uwarsa gida da su. Bai yi wani karatun aji na kirki ba, malamai ake ɗauko masa a gida, kuma wanda ya fi tasiri a kansa wani likita ne masanin halittu mai suna Theodore Stephanides, wanda ya koya masa ya tsaya ya duba abu da kyau kafin ya yi magana a kansa. Bayan yaƙi ya kama aikin kula da dabbobi a gidan namun daji na Whipsnade. Da ya cika shekara 21 aka ba shi gadon mahaifinsa, fam 3,000. Wani da ya sayi gida ko ya ja jari. Shi kuwa sai ya zuba kuɗin a tafiya zuwa Kamaru ta Ingila a ƙarshen 1947, don ya kamo dabbobi da rai ya sayar wa gidajen namun daji na ƙasarsu. A lokacin wannan yanki haɗe yake da Nijeriya a mulki, sai bayan ƙuri'ar 1961 ne kudancinsa ya bi Kamaru.

Ku lura da wannan, domin shi ne mabuɗin maganar: farkon al'amarinsa falke ne kamar ni da kai. Hajarsa ce kawai mai numfashi. Sau uku ya zo wannan yanki. Zuwan farko ya zauna wajajen Mamfe da ƙauyukan Eshobi da Bakebe. Zuwa na biyu a 1949 ya hau har Bafut, kusa da Bamenda. Na uku a 1957 ya komo da matarsa. Kowace tafiya ta haifi littafi ɗaya: na farko ya fito a 1953, na biyu a 1954, na uku a 1960.

Idon da ya buɗe sosai

Yabon gwani ya zama dole. Ban taɓa jin wanda ya iya siffanta dabba kamar mutumin nan ba. Mu da muka yi karatun zaure mun san Hayatul Hayawan na Shehu Damiri, malamin Masar da ya rasu a 1405. Littafi ne mai albarka, ya jera dabbobi bisa haruffa, ya kawo sunan kowace da hukuncin cin namanta da karin maganar Larabawa a kanta da fassarar ganinta a mafarki. Amma akasarin abin da ke ciki tarawa ya yi daga littattafan magabata. Darel kuwa da ƙafarsa ya je, ya kwanta rub da ciki a cikin jiƙaƙƙen ganye, cinnaku na cizonsa, har sai abin da yake jira ya fito. Gani ya kori ji.

Akwai wani kwaɗo da ya bi cikin rafi da dare da fitila, wanda namijinsa ke da wani abu kamar gashi a kwiɓi da cinyoyi, ga kuma farata masu yanka hannu. Da ɗiyata ta karanta mini na ce ƙarya ce irin ta matafiya, kwaɗo da gashi? Ta nemo mini hotonsa a waya, na yi shiru. Akwai wasu 'yan ɓeraye masu fata tsakanin hannu da ƙafa, suna kwana cikin kogon manyan itatuwa, in an yi musu hayaƙi sai su fito su yi ta shawagi a iska kamar an watsa ganye. Akwai kuma wata 'yar dabba mai manyan idanu da jinkirin tafiya kamar hawainiya, ana ce mata angwantibo, wadda ya sha wahala ƙwarai kafin ya samu. Abin da ya ba ni kunya, sunan da masana suka ba ta a littattafansu da sunan garin nan namu Kalaba aka haɗa shi. Shekarata talatin da wani abu a nan, ban taɓa sanin Allah ya halicci wata dabba mai ɗauke da sunan garin da nake ci nake sha a cikinsa ba, sai da wani baƙo daga Ingila ya gaya mini.

Gwanintarsa ita ce, kowace dabba da ta shigo hannunsa sai ya gano halinta ita kaɗai. Wannan biri mai fushi ne, wancan ɓarawo ne, wannan kwaɗo yana zama kamar alƙali. Yana ba ka dariya, amma cikin dariyar ka koyi abin da dabbar ke ci, da lokacin da take fita, da abin da ke tsorata ta. Kuma ba ya jin nauyin ba da labarin wautarsa. Akwai ranar da aka kawo masa wani ɗan maciji, ya ɗauka irin makahon nan ne da ba ya da dafi, ya kama shi da hannu a gaban jama'a yana nuna shi ya sani. Macijin ya sare shi a yatsa, hannu ya kumbura, sai da aka garzaya da shi Bamenda wurin likita. Wani marubucin da ya binne wannan labari. Shi ya rubuta shi dalla-dalla, ya bar mu mu yi masa dariya. Wanda ya iya faɗin kuskurensa haka, in ya ce maka ya ga abu, zuciyarka takan karkata ta yarda.

Wani abu kuma da ya tsaya mini a rai. A buroka ta wancan yanki, kowace dabba sunanta bif, wato nama. Kwaɗo bif ne, mujiya bif ce, har maciji. Darel ya yi ta wasa da kalmar. Na yi dariya, can kuma sai na tuna mu me muke cewa? Namun daji. Zaki nama, giwa nama, barewa nama. Tun daga suna mun riga mun ɗora su a kan wuta. Aikin mutumin nan duka, in ka taƙaita shi, ƙoƙari ne na ya sa mai karatu ya ga halitta a inda da yake ganin tsoka.

Idon da ya kanne

To, yanzu ga inda ni da shi muka saɓa. Haƙurin da ya yi wa kwaɗo bai yi wa mutum irinsa ba.

Mutanen da ke cikin littattafan nan, maharba da kuku da yaran gida da masu kawo dabbobi a cikin ƙwarya da kwando, kusan kullum don a yi dariya ake fito da su. Shi yana magana da Turanci mai tsabta a cikin labari, su kuma buroka kawai ake sa musu a baki. Mu da muka san buroka mun san yare ne cikakke, ana ciniki da shi, ana shari'a, ana neman aure. Amma Baturen da ke zaune a Landan yana karantawa ba haka zai ji ba. Shi ji zai yi kamar yara ne ke gwaranci. Kuma mutanen nan suna da harsunansu na gado, wanda in da shi aka ji su, da an ji magana mai nauyi. Darel ya koyi kukan kurege har ya iya siffanta shi, amma ba mu ji ya zauna ya koyi harshen Bafut ba.

Ga maharba biyu na Eshobi, Elias da Andraia, da kuma maharba huɗu na Bafut da karnukansu shida, waɗanda ya laƙaba wa sunan da ya zama sunan littafi na biyu. Tambayata ita ce: wa ya san ramin da dabbar take? Wa ya san itacen da za a yi wa hayaƙi? Wa ya gane sawu a kan dutse? Su ne. Ilimin da ya tara a littafi, rabinsa daga bakinsu da ƙafarsu ya fito. Ba zan ce bai yaba musu ba, ana jin yana ƙaunarsu, ya ambaci jarumtakarsu a wurare. Amma ƙauna irin ta maigida da yaransa ce. In an gama farauta shi ne masani, su kuma 'yan rakiya. Ba mu san gidajensu ba, ba mu san abin da ke hana su barci ba, ba mu san yadda suke ji da Baturen mulki da harajinsa ba. Ƙasar tana hannun Ingila a lokacin, amma in ka bi littafin sai ka ɗauka daji ne kawai Allah ya shimfiɗa don a zo a yi nishaɗi.

Babban misali shi ne Sarkin Bafut, wanda suke kira Fon. Wanda ke kan gado a lokacin shi ne Achirimbi na Biyu, ya yi sarauta daga 1932 zuwa 1968. Shekara 36 yana riƙe da jama'arsa, tun tsakiyar mulkin Ingila har bayan 'yancin kai. Wannan bawan Allah ya karɓi baƙon da bai sani ba, ya ba shi gidan saukar baƙinsa, ya yi shela a ƙasarsa cewa kowa ya kamo dabba ya kawo. Ba don shi ba, da Darel ya koma da akwatuna wayam. To da me aka saka masa? Abin da duniya ta fi sani game da shi daga littafin shi ne kwalba, da yawan mata, da rawa har asuba, da daren da Darel ya koya masa wata rawar Turawa aka yi ta zagaya fili a jere. Ban ce ƙarya ya yi masa ba. Amma mutum ya sauke ka a gidansa, ka ci ka sha, sannan ka je ka baza wa duniya abin da ka gani a zaurensa da dare? A tarbiyyarmu wannan cin amanar masauki ne. Balle ma shan nan tare suka yi shi. Shi kansa Darel giya ce ta ci lafiyarsa, sai da aka yi masa dashen hanta kafin rasuwarsa a 1995. Laifi tudu ne.

Sai dai in za a yi adalci a yi shi duka. Akwai wuri ɗaya da idon nan da ya kanne ya buɗe. Wata rana da yamma sarkin ya tuɓe kayan sarauta, ya ɗaura ɗan bante, ya ɗauki mashi, ya ja baƙonsa su biyu zuwa wani kwari, suka zauna shiru suna kallon wasu 'yan dabbobin dare masu manyan idanu suna fitowa daga kogon itace. A nan ka ga dattijon da sarauta ta ɗaure, yana kewar lokacin da yake maharbi ba mai bin sa da fadanci. Shafukan nan sun fi mini duk raye-rayen da ke cikin littafin. Su ne kuma hujjata a kansa, don sun nuna ya iya kallon mutum da ido biyu in ya ga dama. Yawancin lokaci dariyar masu sayen littafi ya zaɓa.

Shi ma ya san ya yi abin kunya. A littafi na uku ya faɗa da bakinsa cewa da zai koma Bafut gabansa na faɗuwa, ko sarkin ya ji haushin yadda aka zana shi. Da ya isa sai aka tarbe shi hannu biyu, sarkin ma murna yake wai littafin ya kai sunansa ko'ina, baƙi na ta zuwa ganinsa. Wasu za su ce to ai magana ta ƙare, mai abu ya yafe. Ni ban gamsu ba. Na farko, daga bakin Darel kaɗai muka ji wannan. Na biyu, duk wanda ya zauna da sarakuna ya san babba ba ya nuna wa baƙo ɓacin ransa a fuska. Yafiyar sarkin girman sarkin ta nuna, ba ta wanke alƙalamin marubuci ba.

Sannan mai karatu ya sani, mutumin nan yana ƙara gishiri. Shi da kansa bai ɓoye cewa rubutu ba ya cikin abin da yake so ba, don neman kuɗin ciyar da dabbobi yake yi. A shahararren littafinsa na ƙuruciyarsa a Korfu, My Family and Other Animals na 1956, ya nuna yayansa Lawrence kamar a gida ɗaya suka zauna duk tsawon lokacin, alhali mutumin yana da mata, sun ma koma wani gida nasu daban, ita kuwa ko sunanta bai fito ba. Wanda ya iya share matar yayansa daga labari don labarin ya yi daɗi, me zai hana ya gyara zancen maharbi? Abin da ya faɗa kan dabba ka riƙe. Abin da ya sa a bakin mutum, ka auna.

Hajar da ke mutuwa a hanya

Yanzu bari na zo kan abin da ya sa na kasa barin littattafan nan su wuce ban yi rubutu ba.

Darel bai ɓoye cewa sana'arsa tana kisa ba. 'Yan ɓerayen nan masu shawagi, ya sha wahala kafin ya gano abin da za su ci, ya yi ta lallaɓa su, amma suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taka Ingila da rai. Akwai kuma wani babban biri mai suna Chumley, wanda wani jami'in mulki ya raina a gida har ya iya shan shayi da taba, aka ba Darel ya kai shi gidan namun daji na Landan. Birin da ya saba zama cikin mutane, aka kulle shi. Ya gudu sau ɗaya har ya hau motar bas, aka kamo shi. Da ya sake gudu sai aka harbe shi. Lokacin da ɗiyata ta kai ƙarshen wannan babi muryarta rawa take. Ni kuwa wani abu daban ya taso mini.

Wajen 1996, ina saurayi mai zafin neman jari, wani ya ce mini aku na kuɗi a Kano. Na sayi guda ashirin daga hannun wani maharbi a wani ƙauye bayan Ikom, masu toka-toka da jar wutsiya. Na cusa su a akurki biyu irin na kaji, na rufe da buhu don kada a gani a shingen hanya, na ɗora a kan lodin goro. Kwana biyu muna tafiya. Daren farko suna ta kuka har direba na zagina. Dare na biyu shiru. Da muka sauka na ɗaga buhu, bakwai ne ke motsi. Na sayar da bakwai ɗin, na fitar da uwar kuɗina har da 'yar riba, don haka a lissafin kasuwa ban faɗi ba. Da na ba mahaifina labari, Allah ya ji ƙansa, ina jiran ya ce na yi dabara, sai ya dube ni ya ce, "Sha ukun fa, wa zai biya su?" Ya tuna mini da matar nan da aka ba mu labari ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nemi nata ba. Daga ranar ban sake taɓa wannan haja ba, amma har yau in na ji kukan aku a gidan wani sai na tuna buhun nan.

Abin da ya ɗaga darajar Darel a idona shi ne, shi ma lissafin nan ya dame shi, kuma bai tsaya a nadama ta baki ba. Dabbobin da ya kwaso a tafiyar 1957 bai sayar ba. Ya ajiye su a bayan gidan yayarsa a garin Bournemouth yana neman fili, har ya samu wani tsohon gida a tsibirin Jersey, ya buɗe gidan namun daji nasa a 1959. A 1963 ya mayar da shi hannun wata gidauniya. Manufarsa ita ce a tattaro dabbobin da suke gab da ƙarewa a duniya, ko da ba masu jan 'yan kallo ba ne, a kiwata su su hayayyafa, in hali ya yi a mayar da su dajinsu. Tambarin gidauniyar wani tsuntsu ne da ake kira dodo. Ba dodon tatsuniya ba, tsuntsu ne na tsibirin Morishus da ba ya tashi, wanda zuwan mutane da dabbobin da suka shigo da su ya ƙarar da shi ƙaf sama da shekara 300 da suka wuce. A wannan tsibirin dai akwai wani ɗan ƙaramin shaho da a 1974 guda 4 kacal aka sani sun rage a daji. Da aikin da gidauniyarsa ta sa hannu a ciki, yau ana ƙirga su da ɗaruruwa. Ya kuma buɗe makaranta a Jersey inda ake koya wa mutane daga ƙasashe daban-daban wannan aiki su koma gida su yi.

Sunan littafinsa na farko ma daga jirgin Annabi Nuhu, alaihis salam, ya aro shi, wato jirgin da lodi ya yi wa yawa. A lokacin wasa yake yi da sunan. Daga baya sai rayuwarsa ta koma ƙoƙarin cika ma'anarsa. Ya fara da kwasa ya sayar, ya ƙare da adanawa. Bashin dabbobi kam ya yi ƙoƙarin biya. Bashin mutanen Eshobi da Bafut, waɗanda a bayansu ya hau ya yi suna, shi ne ban ga inda ya sauke ba.

Mu fa?

Na ce maganar za ta zagayo. Mu ma nan baƙi ne, ko da an haifi wasunmu a unguwar nan, kakanninmu fatauci ya kawo su. Kuma ciwo biyun da na gani a jikin Darel duk muna da su, sai dai shi ya warke daga ɗaya.

Na farko, har yau a cikinmu akwai masu sayen fatar damisa da ta mesa, da kan biri, da aku, a tura Arewa ko a haɗa da kayan magani. Tun 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, saboda yadda yake ƙarewa. Manyan birran nan na dazukan kan iyakar Kuros Riba da Kamaru, masana na cewa ba su wuce 300 ba a duk duniya. A cikin garin nan akwai wurin da ake kira Drill Ranch, inda ake raino da kiwon wasu birrai da aka kashe iyayensu don nama. Kuɗin keke ɗaya ne daga nan. Mu nawa muka taɓa kai 'ya'yanmu su gani? Ni kaina sai bayan karatun nan na je.

Na biyu, ku saurari yadda muke hirar masu masaukinmu in mun zauna a majalisa. Muna kwaikwayon Hausarsu muna dariya, muna kiransu da sunayen da ba za mu iya faɗa a gabansu ba, alhali da yawanmu mun shekara ashirin a nan ba mu iya gaisuwa cikakkiya da Efik ba. In wani ɗanmu ya tashi rubuta littafi a kansu da irin wannan ido, ba zai fi Darel adalci ba. Mu kuma mun san zafin abin, don mun sha ganin yadda ake fito da Bahaushe a wasannin kwaikwayo na Kudu, kullum maigadi ne mai gurɓatacciyar magana. Mutanen ƙasar da Darel ya zana kamar ba su da wata damuwa sai rawa, yau jikokinsu da yawa suna zaman gudun hijira a wajajen Ogoja saboda rikicin da ya ɓarke a yankinsu tun 2016. Da ma can mutane ne masu tarihi da ciwo, baƙon ne bai tambaya ba.

Shawarata ga matasanmu masu Turanci, ku nemi littattafan nan ku karanta, ku karanta wa iyayenku. Ku fara da The Bafut Beagles, shi ya fi daɗi kuma a cikinsa ne kyau da aibin mutumin suka fi fitowa fili. Na farkon ya fi nauyin bayanin daji, na ukun kuwa ya ɗan yi sanyi, kamar mai maimaita hirar da ya riga ya yi. Ku koyi yadda ake tsayawa a dubi halittar Allah har a gane ta. In kun zo inda yake ba ku dariya da bakin maharbi, ku yi dariyar, sannan ku tambayi kanku da a ce maharbin ne ya riƙe alƙalami, yaya zai siffanta wannan Baturen da ya kama maciji da hannu.

Allah ya yafe mana abin da muka zalunta, mai magana da marar magana. Ya kawo zaman lafiya a Bamenda da Bafut, ya buɗe mana hanyar Mamfe kamar da. Malam Edita, na fita bashinka.